Buhu Uku Daga Rugar Goggo

Litinin, bayan azahar

Na je ƙaramin bankin nan na bakin tashar garinmu, Bagudo. Na sa atamfata ta sallah don kada su gan ni kamar mai roƙo. Da layi ya zo kaina, yarinyar da ke bayan tebur ta tambayi sunana da sana'ar da nake son yi. Na ce Shafa'atu Maliki, gumin shinkafa. Na yi mata bayanin yadda zan sayi shanshera, shinkafa mai ƙaiƙayi, in jiƙa, in turara, in shanya, in kai inji, in sayar a kasuwar Lolo. Ta saurare ni da kyau, har da gyaɗa kai. Sai ta karɓi lambata ta buga a kwamfuta, ta kira wani mai farin gilashi.

Shi ne ya ce akwai tsohon bashi a kan sunana, na wani banki, tun shekarar ambaliya. Na ce na sani, ruwa ne ya cinye gonar, kuma saura kaɗan. Ya ce kwamfuta ba ta san kaɗan ba. Amma in na kawo mata biyu masu sana'a daga unguwarmu suka sa mini hannu, zai duba.

Mata biyu. Shekara bakwai ina uwar adashe a unguwar nan, mata ashirin da huɗu ke kawo mini zubi duk Juma'a. Na tsaya gabansa ina bin gidajen a raina, daga bakin famfo har masallaci, ban samu ko ɗaya ba. Na ce masa zan dawo.

A littafin adashen nake wannan rubutu. Na juya shi na fara daga baya, don kada in riƙa ganin sunaye.

Talata, da hantsi

Ban fita ba. Na ce wa Malam, maigidana, kaina ke ciwo.

Laraba, bayan la'asar

Na je shagon Alhaji Atiku mai shanshera. Abokin babanmu ne, a hannunsa aka yi mini huɗuba. Na durƙusa na gaishe shi, na roƙi buhu biyu zuwa kasuwa ta ci. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya tambaye ni ina ƙanena Shamsu, ya kwana biyu bai gan shi ba. Na ce yana can ƙasar Benin wajen neman abinci. Ya ce Allah shi tsare.

"Ɗiyata, bana ba ni ba mata bashi. Ki turo Malam Maliki mu yi magana."

Na ce to. Ban gama ɗaura mayafi ba Fatiha ta bayan asibiti ta shigo, ya sa aka ɗora mata buhu biyu a baro, ko sisi ba ta fitar ba. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Na manta na biyo ta gaban gidan Raliya. Tun azumi nake zagaye layin. Ɗakin yana nan yadda yake, katako a sama babu kwano, an ja tamfol an danne da duwatsu. Ta cire tsohon rufin ne saura kwana uku ta kwashi adashe, don kafinta ya samu wurin aiki. Kwasarta ce ta ɓata a hannuna, dubu ɗari biyu da arba'in.

Ta ɓata. Haka kowa ke cewa, haka ni ma nake cewa.

Tana tsugune a ƙofa tana wankin kwanuka. Ta ce sannu Shafa. Na ce yawwa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, da safe

Ba zan tura Malam wurin Alhaji ba. Albashin malamin firamare nawa yake? Duk wata yana cire dubu goma ya kai wa mijin Raliya da hannunsa, ya dawo gida bai ce mini komai ba. Kullum da babur zuwa Bahindi, tayar baya ta gama sulɓewa.

Na sayar da keken ɗinkina. Ya isa buhu ɗaya, da itace, da kuɗin inji. Mota kuma sai na ranta daga kuɗin cefane. Na sa aka sayo buhun a wani shagon, ba na Alhaji ba.

Da Malam ya ga wurin keken fayau, ya tsaya yana kallon sawun ƙafafunsa a daɓe. Ya ce Allah ya sa albarka, ya kuma tuna mini in riƙa kulle ɗaki in zan fita shanya. Shi ya sayo kwaɗon nan washegarin ɓatan kuɗin, babba, ɗan waje. Mabuɗin yana wuyana. Yini guda ina jin sanyinsa a ƙirjina.

Asabar, bayan magariba

Jiya na jiƙa, yau na turara a rabin duron da Inna ta bar mini da za ta koma Kamba. Na ɗauka hannuna zai tuna, tunda na tashi ina ganin tana yi. Bai tuna ba. Na cika wuta, ta ƙasa ta kama, gidan duk ya ɗauki ƙauri. Na kwashe abin da ya tsira na baza a tsakar gida. Safina, ɗiyata, ta tambaye ni me ya sa ban kira maƙwabta sun taya ni ba kamar yadda ake yi. Na ce ta je ta yi karatunta.

Da can, ko tsinken murhu na ɗaga sai mata uku sun leƙo. Yau na ji suna hira ta bayan katanga, da suka ji motsina suka rage murya. Ba ɓarauniya suke ce mini ba. Sakarya suke cewa, mai barin kuɗin mutane a ƙarƙashin katifa. Na gode musu da wannan suna, ya fi abin da na cancanta.

Lahadi, da asuba

An kwana ana ruwa. Shinkafata tana ɗaki a bushe. Ina Raliya ta kwantar da yaranta?

Ran kasuwar Lolo, bayan na dawo

Bari in rubuta.

Shinkafar ta fito daga inji rabinta karyayya, ga duhu. Na samu wuri a ƙarshen layin masu awo na baza. Matan Benin suna zuwa da sefarsu, su damƙa, su shinshina, su watsar su wuce. Wata ta yi mini tayin da ya sa na ji hawaye. Har azahar tiya shida na sayar.

Sai hadari ya taso daga wajen kogi. Kowa ya ja ledarsa, ni ban zo da komai ba. Ina ta kokawa da bakin buhu iska tana fizge mini mayafi, sai na ji an jefa tabarmar roba a kan shinkafar, wata ta taka gefe ɗaya da ƙafa ta ce in riƙe ɗayan. Na ɗaga kai. Mariyamu ce.

Mariyamu mai nono. Shekara biyar tana kawo mana nono daga rugarsu ta hanyar Bahindi. In rana ta yi zafi a ɗakina take sauke ƙwarya, ta yi salla, wani lokaci har barci ya ɗauke ta a kan tabarmata. Tun azumi ban sake ganinta ba. Ta rame. Yanzu har Lolo take hawo mota da nononta.

Muka tsaya cikin ruwa, ita gefe ni gefe. Da aka ɗauke ta naɗe tabarmarta. Na ce na gode. Ta ce ba komai, ba ta dube ni ba.

Tare take da uwar mijinta, wata doguwar tsohuwa da kowa ke ce wa Goggo. Ita ce ta sunkuya ta ɗebi shinkafata ta tauna. Ta ce wuta ta yi yawa, kuma ban bari ta sha iska a inuwa ba kafin inji. Ta tambaye ni ko buhu nawa nake yi. Na ce ɗaya. Ta ce ɗiyanta sun yi noman rani a fadama, akwai shanshera a rumbu da ba su da niyyar ci. Za ta aiko mini da buhu uku, in na sayar in kawo kuɗin.

Na ce, Goggo, ba ni da wanda zai tsaya mini.

"Mi za ni yi da mai tsayawa? Kin san hanyar ruga."

Na ce to. Allah ya gani, to na ce.

Washegari, da hantsi

Ban taɓa cewa ita ta ɗauka ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce. Ranar da mata suka cika tsakar gidan nan, Raliya tana zaune a ƙasa ta ɗora hannu a ka, aka tambaye ni wa ya shiga ɗakin a yinin. Na ce ba kowa, sai Mariyamu da ta yi salla. Kuma gaskiya ne, ta shiga, ta yi salla.

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Su suka ƙarasa sauran.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Buhunan sun iso a amalanken shanu. Uku, cike, an ɗinke bakinsu da kaba. Mutumin da ya kawo bai sha ko ruwa ba. Malam ya yi ta mamaki, ya ce ka ga mutanen kirki, mun zarge su amma sun rufa mana asiri. Ya ce dama shi zuciyarsa ba ta taɓa kwanciya da zancen yarinyar nan ba, ɓarawo ne ya hauro ta katanga. Na ce haka ne. Na shiga bayi na daɗe.

Lahadi, bayan la'asar

Na bi yadda Goggo ta ce. Wuta kaɗan, in ga bakin ƙwayar ya fara tsagewa in sauke, rana rabin yini, sauran a inuwa. Mai inji ya damƙi ta farko da ta zubo ya ce wannan gumin wace tsohuwa ce. Fara tas, doguwa, ba karyayya. Na yi dariya, sai na tuna, dariyar ta tsaya.

Litinin, da rana

Wata lamba ta Benin ta kira ni. Shamsu ne. Ya ce yana Kandi yana dako a tasha, in yi haƙuri, ya kusa haɗa wani abu. Tun azumi yake kusa haɗa wani abu. Na tambaye shi ko ya san ɗakin Raliya har yau babu rufi. Ya ce Yaya ai ba shi ya kifar da jirgin ba, jarkoki arba'in na mai suka tafi a ruwa, shi ma da ƙyar ya fita. Ya ce don Allah kada in gaya wa Malam, kada Inna ta ji a Kamba, hawan jininta.

Ranar da ya zo mini cikin azumi, kwana huɗu ya ce. Ya kai man can, ya dawo da sefa, in mayar da na Raliya kafin Juma'a, ribar mu raba in biya tsohon bashin banki in huta. Ni na ɗaga katifar. Ni na ƙirga masa. Ba wanda ya sa mini wuƙa.

Yau ne na fara rubuta shi. Na duba shafin, ban yaga ba.

Ran kasuwar Lolo, da yamma

Kafin la'asar ta ƙare tas. Wata mata daga Madekali ta kwashi rabi, ta ce in ajiye mata buhu guda mako mai zuwa, ta karɓi lambata. A mota na riƙe jakar da hannu biyu. Bayan na ware na Goggo, abin da ya rage ya kusa kuɗin buhu guda. Sana'ar za ta yi. Wannan ne abin da na roƙa tun wata uku, ga shi an ba ni, kuma ko tuwo na kasa ci.

Laraba, bayan magariba

Na kai kuɗin ruga. Goggo ta shimfiɗa mini tabarma a gindin ƙirya, ta karɓa ta sa a lalita ba ta ko duba ba. Ta ce akwai wasu buhu huɗu in ina so. Aka kawo mini fura.

Wata ƙanwar mijin Mariyamu ce ta zauna kusa da ni, mai surutu, ba ta san ko ni wace ce ba. Ta ce ai bana sun ga tashin hankali, wata mata a Bagudo ta yi wa amaryarsu sharri. Da labari ya iso ruga, maza suka taru, aka sauke jeren ƙorenta ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, aka kwance gadonta, aka tona ƙarƙashin murhu. Ba a samu komai ba, amma wa zai mayar da abin da ido ya gani? Tana da ciki wata huɗu a lokacin. Bayan sati ya zube. Ta ce ba su ce don haka ne ba, Allah ne ya sani.

Na ajiye furar. Mariyamu tana can nesa tana wanke ƙwarya, ta ba mu baya. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne rana ta yi, bari in kama hanya.

Alhamis, da asuba

Wata huɗu.

Alhamis, bayan azahar

Wata huɗu. Ina hura wuta ina ji, ina tankaɗe ina ji. Na ɗaga hannu zan yi addu'a na rasa da wace fuska.

Asabar, da hantsi

Na gaya wa Malam. Ba makaranta yau, yana zaune yana gyaran fitilar babur bayan mun karya. Na tura Safina gidan kawunta, na zauna a ƙasa nesa da shi na faɗa tun daga farko. Ban yi kuka ba, na ga ba ni da hakkin yi.

Bai katse ni ba. Da na gama ya ci gaba da ɗaure kusar da ke hannunsa har ta ɗauru. Sannan ya tambaye ni, ranar da ya dafa Alƙur'ani a gaban mijin Raliya ya ce matarsa ba ta san inda kuɗin nan suka shiga ba, ina ina? Na ce ina bayan ƙofa. Ya ce kina ji? Na ce ina ji.

Ya tashi ya wanke hannunsa ya fita. Bai hau babur ba.

Lahadi, bayan la'asar

Ya dawo jiya, ya ci abinci, ya kwana a zaure. Yau da safe ya ce ba zai ce mini komai ba tukuna, don in ya buɗe baki yanzu zai faɗi abin da ba ya gyaruwa. Ya ce amma shi ba zai je ya wanke ni a wurin kowa ba, kuma ba zai riƙe wannan a cikinsa ya wuce Juma'a ba.

Litinin, bayan magariba

Na koma ruga, da ƙafa. Na tarar da Goggo tana kaɗa nono. Na ce ina son a kira mini Mariyamu. Ta zo ta tsaya, ba ta zauna ba. Na durƙusa a gabanta, ni da na girme ta da shekara goma sha biyar, na faɗa. Na ce ba a saci komai a ɗakina ba, ni na ba ƙanena.

Goggo ba ta ma daina kaɗa nonon ba.

"Mun sani," in ji ta. "Tun kamin sallah munka ji."

Wai ɗanta ne da ya kai shanu ƙetare ya haɗu da Shamsu a Madekali, yana ba wasu labarin yadda kuɗin yayarsa suka nutse a kogi. Na tambaye ta me ya hana su zuwa su faɗa. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. Ta ce su je su ce me, a gaban wa? Maganar mai tallan nono a kan matar malam?

Na ce to don me ta ba ni shinkafa.

"Don ki taka ƙafarki ki zo gidan ga, ki gan ta da idonki. Ran nan kin zo kin sha hura kin tashi. Na ce a bar ki, za ki dawo."

Na juya wajen Mariyamu na ce ta yafe mini. Ta ce a ɗakina ta fi jin daɗin barci duk Bagudo, har tana gaya wa mutanen ruga tana da yaya a cikin gari. Iyakar abin da ta ce ke nan, ta ɗauki ƙwaryarta ta shige bukka.

Goggo ta raka ni har bakin shinge. Ta ce ba a ruga na ɓata yarinyar ba, don haka ba a ruga zan gyara ba. Zancen buhu huɗu kuwa, ba ta sake tayar da shi ba, ni ma ban tambaya ba.

Talata, da rana

Na sayo rabin buhu daga ribar na jiƙa. Na zauna ina kallonsa.

Laraba, bayan isha'i

An yi.

Na aika Safina gida gida ta ce ina roƙon duk 'yan adashe su zo gidan Raliya bayan la'asar. Sun ɗauka kuɗi aka gano, har da masu guɗa a hanya. Goma sha tara suka zo. Muka zauna a tsakar gida, ɗakin nan yana bayana, ina jin tamfol yana kaɗawa.

Na tsara maganar tun safe, amma da na tashi duk ta watse. Na ce Mariyamu ba ta ɗauki komai ba. Na ce ba ɓarawo. Na ce ni ce. Sai da na faɗa sau biyu kafin na baya su ji.

Abin da ya biyo baya ba zan iya rubuta shi duka ba. Wata ta ce a kai ni wurin hakimi. Wata ta ce dama ita ta sani, alhali ita ce ta fara hana yaranta sayen nonon Mariyamu. Fatiha ta tofar da yawu kusa da ƙafata. Hajiya ta layin masallaci ta yi ta salati, tana cewa ita da bakinta ta kira yarinyar nan ɓarauniya a bakin famfo, yanzu ina za ta kai wannan.

Sai da aka lafa Raliya ta yi magana. Ta ce ranar da abin ya faru ni na rungume ta muna kuka tare, har ita ce ta koma tana ba ni haƙuri. Ta tambaye ni kukan na mene ne. Na ce na tsoro ne. Ta gyaɗa kai.

Na kwance gefen zanena na ajiye mata sauran ribar Lolo gaba ɗaya. Na ce duk kasuwa zan kawo abin da ya samu har kwano ya hau. Ta ce in ajiye a ƙasa, ba za ta karɓa daga hannuna ba. Na ajiye. Na fito ba wadda ta ce mini sai an jima.

Juma'a, da hantsi

Labari ya gama gari. Mai inji ya ce daga yau kuɗi kafin ya zuba. Inna ta kira daga Kamba, ba ta yi faɗa ba, kuka kawai take yi tana tambaya ko Shamsu yana cin abinci. Malam ya je ruga da kansa jiya tare da mijin Raliya da liman. Da ya dawo ya shigo ɗaki ya ɗauki filonsa, ya tsaya, ya mayar da shi inda yake. A ɗaki ya kwana.

Ran kasuwar Lolo, da yamma

Rabin buhu kawai na kai. Matar Madekali ta ji haushi, buhu guda muka yi da ita. Na ce mata abin da ƙarfina ya kai ke nan, in ta yi haƙuri zai ƙaru. Ta saye duka. Na hango Goggo a layin masu man shanu, na je na gaishe ta. Ta amsa, ta damƙi 'yar ragowar da ke ƙasan buhuna ta tauna, ta ce saura kaɗan in iya. Mariyamu ba ta zo ba.

Na biya ta gidan Raliya na ajiye abin da ya samu a bakin ƙofa. Ba yawa. In aka tafi a haka, sai wata damina.

Litinin, da hantsi

Ina tsakar gida ina hura wuta na ji muryar daga bakin famfo. Na san ta tun kafin in gane abin da take cewa. Tallan nono.

Na ji Hajiya ta layin masallaci ta kira ta, sun daɗe. Na ji ƙofar gidan Fatiha. Na shiga ɗaki da gudu na ɗauko kwanon sha na ɗauraye, na zo na tsaya a zaure ta ciki, inda ba za a gan ni daga waje ba. Muryar tana matsowa. Na ga inuwar ƙwaryar ta gifta ta ƙasan labule, ba ta rage tafiya ba.

Can gaba na ji Raliya tana cewa ta shigo daga ciki mana, rana ta yi zafi, ga tabarma.

Na tsaya da kwanon a hannu har na daina jin su. Shinkafa tana kan wuta, bakinta ya kusa tsagewa. Bari in je in sauke.